Ƙwayoyin Gado Masu Ƙaura da Ginuwar Ƙwaƙwalwa

Manomi a Sakaba zai iya ɓare goyon masara ya tarar da tsaba guda mai ɗigo-ɗigon launi biyu. Irin wannan tsaba ce Barbara McClintock ta nazarta a Amurka, har ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado suna ƙaura daga wani gurbi zuwa wani. Wannan bincike ya ba ta lambar yabo ta Nobel a 1983.

Ɗan'adam ma yana ɗauke da irinsu. Wani nau'i mai suna LINE-1 ya mamaye kusan kashi 17 cikin ɗari na kundin gadonmu. A 2005, masana a Cibiyar Salk suka nuna cewa yana ƙaura yayin da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke ginuwa.

Sai dai jiki bai sakar masa linzami ba. Da farko furotin Sox2 ne ke danne shi. Idan ƙwayar ta fara zama jijiya, Sox2 yakan ragu, sai LINE-1 ya sami ɗan sarari. Wani furotin kuma, MeCP2, yana taƙaita shi. Lalacewar MeCP2 ce ke haddasa cutar Rett, wadda ke raba ƙananan yara mata da magana da sarrafa hannu, kuma an ga ƙaurar tana ƙaruwa a ƙwayoyinsu.