Hukuncin Sayar da Wasa a Ƙwallon Ƙafa

Tambaya: Ni mai tsaron gida ne a wata ƙungiya a cikin birnin Zariya. An yi mini tayin kuɗi in bari a ci mu, aka ce ai wasa ne, ba a cuci kowa ba. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah. Ɗan'uwa, bai halatta ba, kuma kuɗin haramun ne ta fuska uku.

Na farko, ha'inci ne. Ƙungiyarka ta ba ka amanar raga, 'yan kallo sun biya kuɗin shiga, wata ƙungiyar kuma za ta rasa matsayin da ta yi wa gumi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya barranta daga mai ha'inci, lokacin da ya tarar da mai sayar da abinci ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa.

Na biyu, rashawa ce, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito la'antar mai bayarwa da mai karɓa.

Na uku, sau da yawa 'yan caca ne ke sayen wasa, alhali aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca.

Tun a duniya ma akwai hukunci. A Yulin 2013 a Bauchi, wajen neman gurbin hawa rukuni na gaba, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10, ta haramta wa 'yan wasansu ƙwallo har abada. A 2019 FIFA ta kori alƙalin wasa Ibrahim Chaibou na Nijar har abada. A shekarar ta yanke wa Samson Siasia irin wannan hukunci saboda amincewa kawai da tayin cin hanci, kafin kotun wasanni ta rage shi zuwa shekara 5 a 2021.

Don haka ka ƙi tayin, ka sanar da shugabannin gasar, domin dokar FIFA tana hukunta wanda ya ɓoye. In ka riga ka karɓa, ka tuba, ka nemi yafiyar waɗanda ka cuta. Kada ka ci kuɗin. Malamai da yawa sun ce a ba mabuƙata, ba a mayar wa mai rashawar ba.

Allah ne Mafi sani.