A Kula Da Sabuwar Waya Kafin A Haɗa Ta Da Waifai

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda na Birnin Kebbi da Argungu game da na'urar nan ta waifai da ake sa wa layi, ta raba intanet ga wayoyin gida.

Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 da yawanmu muka koma karɓar kuɗin shinkafa da albasa ta waya, shi ya sa na'urar ta shiga gidajenmu. To, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ka ga data ba abin wasa ba ce yanzu.

Haɗa sabuwar waya ba wuya. Sunan waifai da lambar sirri suna rubuce a bayan na'urar, ko a ƙarƙashin batir. Ka kunna waifai a wayar, ka taɓa sunan, ka rubuta lambar yadda take, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. In ka ga suna biyu, mai 2.4 ya fi ratsa katangar laka, mai 5 ya fi sauri amma sai a kusa.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an haɗa. Sabuwar waya ɗauka take waifai kyauta ne, sai ta hau sabunta manhajojinta, tana kwashe hotuna tana turawa, kai kuwa kana fadama wajen ban ruwa. Ka dawo mai saye ya ce ya turo kuɗin buhu biyu, ka tashi dubawa, babu data. Maganinsa, ka shiga saitin wannan waifai a wayar, ka nuna mata cewa na awo ne, sannan ka kashe sabuntawa ta kai tsaye.

Sai maganar lambar sirri. Wallahi kada ka bari yaron da ke caji a kasuwa ya sa maka ita. Wayoyin Android na yanzu suna fito da wani tambari mai ɗigo-ɗigo, wanda duk ya ɗauka da kyamara ya shiga, ba sai an gaya masa lamba ba. Ɗanka ya nuna wa abokinsa, kafin Juma'a rabin unguwa na kallon fim da kuɗin takinka. Ka sauya lambar da ta zo da na'urar, kada ka sa lambar wayarka ko shekarar haihuwa, kuma kai da hannunka za ka riƙa rubuta ta a kowace waya.

Ina kira ga masu sayar da na'urorin nan su riƙa yi wa mutanen karkara wannan bayani da Hausa kafin su karɓi kuɗi.

Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Argungu, Jihar Kebbi.