Wufa a bayan a-kori-kura: lissafin wuta kafin kiɗa

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, a-kori-kura motar neman abinci ce. Ita ke kwaso buhunan gero da wake daga Matankari da Dankasari, ita ke kai ƴan kasuwa Gesheme da Dumega, ita ke ɗauko mara lafiya daga ƙauye zuwa Dogon Dutsi in dare ya raba. Peugeot 504 mai tampol ta yi zamaninta, yau Toyota Hilux ta karɓe hanya. Daga baya aka ƙara mata wani aiki, na ɗaukar sauti. Duk wanda ya ga yaƙin neman zaɓe na ƙarshen 2020 da farkon 2021 ya san yadda ake ɗaure akwatunan lasifika a bayan mota a ratsa gari da waƙar ɗan takara. Haka masu shelar rigakafin shan-inna suke yi, da masu gayyatar wa'azi, da mai maganin gargajiya ranar kasuwa, da abokan ango ranar ɗaukar amarya. Ga kuma saurayin direba da bai damu kowa ya ji ba, shi dai kiɗa ya riƙa dukan ƙirjinsa tun daga Kore Mairuwa har Doso.

Duka waɗannan wurin mai wutar mota ɗaya suke zuwa, kuma maganarsu ɗaya ce: "Maigida, a sa mini mai ƙara." Amma buƙatarsu ba ɗaya ba ce, kuma a nan kuɗi ke fara salwanta.

Sauti iska ce da ke kaɗawa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 har sau 20,000 a daƙiƙa guda. Ƙasan wannan ma'auni shi ne gurnanin ganga, wanda jiki ke ji kafin kunne, kuma shi kaɗai ne aikin wufa, wato babbar lasifikar gurnani: daga kaɗawa 20 zuwa wajen 100, ba ta wuce nan. Kalmomin da ke fita daga bakin mutum kuwa, abin da ke sa a gane su yana can sama, tsakanin 300 da 3,400, shi ya sa aka gina layukan tarho na da a kan wannan iyaka kuma mutane suka yi ta fahimtar juna. Saboda haka wanda zai tsaya a bakin kasuwar Tibiri ya faɗa wa iyaye mata ranar da ƴan allura za su zo, wufa ba za ta ƙare shi da komai ba. Abin da yake buƙata shi ne amsa-kuwwa irin ta masallaci, mai baki kamar kakaki. Ita wannan da wat ɗaya tana iya ba da ƙarar da lasifikar akwati sai ta ci wat gommai kafin ta kai, domin bakin nata yana tattara sautin ya tura shi gaba. A fili kuma, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Na sha ganin motar shela tana wucewa ƙasa na girgiza, tsofaffi a gindin bishiya suna tambayar juna me aka ce.

Mai son kiɗa a cikin ɗakin direba shi ne mai wufa. Kayan nasa uku ne: rediyon da ke gaba, wanda ke karanta waƙa daga waya ko memori, ampili, wato na'urar da ke ɗaukar wannan ɗan siririn sauti ta ba shi ƙarfi, sai lasifikoki, ƙanana a ƙofofi domin murya da kalangu, babba ɗaya domin gurnani. Ita lasifika ba ta canja sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana tsarinta a kamfanin General Electric na Amurka: maganaɗisu, da zaren tagulla da aka nannaɗe, da faifai mai siffar mazurari da ke gaba da baya yana tura iska. Wannan zaren tagullar shi ne ran lasifika, kuma shi ke ƙonewa.

Ƙarfin da ke tura faifan nan duk daga wutar mota yake fitowa, ita kuwa wutar mota tana da iyaka. Batir kamar randa yake, altaneta kuma shi ne mai kai mata ruwa. In masu sha suka fi ƙarfin mai ɗiba, komai girman randar sai an ga gindinta. Lissafin ba wuya. Idan inji na aiki, wutar mota tana wajen bolt 14. Ampili mai wat 500 na gaskiya, irin na zamani da ba ya ɓarnar wuta da yawa, yakan ja kusan wat 625 kafin ya ba da 500 ɗin, sauran ya tafi a zafi. Raba 625 da 14, ka sami ampa 45. Tsohon samfuri, wanda kusan rabin abin da ya ci zafi yake zama, zai haura ampa 60. Fitilun gaba guda biyu masu wat 55 kowace, ampa 8 ko 9 kawai suke ci. Altanetan tsofaffin a-kori-kura da yawa bai wuce ampa 55 zuwa 80 ba, kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai inji ya ɗauki gudu. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wuta iri ɗaya kowane lokaci, bugun ganga ne ke fizga. To, wannan fizgar ita ce kake gani da dare, fitilun mota na dusashewa suna dawowa tare da kiɗa. Wannan alama ce cewa altaneta ya gaza, batir ne ke cika giɓin.

In aka kashe inji a wurin biki, labari ya ƙara muni. Batir mai ampa-awa 70, in ana jan ampa 20 a kai a kai, kafin awa biyu ya kai rabi. Batirin tayar da mota ba a yi shi domin a riƙa ƙarar da shi haka ba; sau kaɗan za a yi masa wannan ya daina riƙe caji, sai a shiga turin mota a rairayin Dallol Mawri. Wanda sana'arsa shela ce ko kiɗan biki, gara ya sa batir na biyu, irin na sola da ke jure sauka, da na'urar da ke raba shi da na mota idan inji ya mutu. Masu manyan motoci da wasu Land Cruiser masu bolt 24 kuma su kiyayi dabarar nan ta jan bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun. Ɗayan zai yi ta yunwa, ɗayan ya yi ta ƙoshi fiye da kima, dukansu su mutu da wuri.

Lambar da ke jikin kwali ma sai an yi hattara da ita. Za ka ga ampili ɗan ƙarami an rubuta masa wat 3,000 da manyan haruffa, a gefe an sa PMPO. Wannan lamba ta talla ce. Wadda ake aiki da ita ita ce RMS, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba tare da ta gaji ba. Akwai hanyar kama ƙarya nan take: duba fizibil ɗin da ke jikin ampili, wato abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. In an rubuta 30 a kansa, to ampa 30 sau bolt 14 bai wuce wat 420 ba, kuma ba duka ne zai zama sauti ba. Na'ura ba za ta fitar da abin da ba ta ci ba.

Inda na fi jin takaici shi ne waya. Mutum ya kashe jakunkuna a kan akwati, da an zo sayen waya sai ya ce, "Alhaji, ba ni mai sauƙi." A nan ne ake samun wayar gida mai kaurin murabba'in milimita 2.5, irin ta soket, an ja ta daga batir har bayan kujera. Mita 5 na wannan waya, in ampa 45 suka bi ta cikinta, tana cinye fiye da bolt ɗaya da rabi, ta mayar da wajen wat 70 zafi a ƙarƙashin dardumar mota. Waya mai murabba'in milimita 16 a wannan tsawon rubu'in bolt kawai take ci. Akwai kuma wata mai kauri da kyan gani da ta cika kasuwa, cikinta alminiyom ne aka shafa masa tagulla. Kankare silinta da wuƙa za ka ga fari ya bayyana, a hannu kuma ba ta da nauyi. Kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka take iya ɗauka, kuma bakinta yana saurin cin tsatsa ya karye. Araha ba ta ado.

Fizibil na babbar waya shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi komai muhimmanci. Wanda ke jikin ampili ampili kawai yake karewa. Ita wayar da ta taso daga batir tana bi ta ramin ƙarfe kafin ta shiga ɗakin direba, kuma hanyoyin burji na cikin Arewa, masu ƙunya-ƙunya, suna girgiza mota dare da rana har ƙarfen ya yanke robar. Ranar da tagulla ta taɓa jikin mota, batir zai zuba ɗaruruwan ampa a lokaci guda, waya ta yi ja, roba ta kama. A motar da sau da yawa akwai jarkar mai ko buhunan harawa a bayanta, ba sai an faɗi sauran ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce a sa fizibil kusa da kan batir, kada ya wuce santimita 45, a kuma sa zoben roba a duk ramin da waya ta ratsa. In ya tsinke, a nemo dalili. Ɗaure shi da silin waya ko takardar kwalin taba daidai yake da cire shi.

Wayar mas, wadda ke mayar da wuta jikin mota, kaurinta ya zama ɗaya da ta batir, gajera, a kan ƙarfen da aka kankare fenti har ya yi ƙyalli. Kukan nan siriri da ke tashi a lasifika yana ƙaruwa in an taka totur, yawanci daga mas mara kyau yake, ko daga wayoyin sauti da aka kwantar gefe ɗaya da wayar wuta. A raba musu hanya, ɗaya dama ɗaya hagu. Akwai kuma ƴar shuɗiyar waya da ke gaya wa ampili ya kunna ko ya mutu tare da rediyo. Wanda ya haɗa ta kai tsaye da batir zai wayi gari mota ba ta ko tari.

Sai batun yawan lasifika. Kowace tana da nauyin da take ɗora wa ampili, ana auna shi da om, na mota galibi 4. In ka haɗa biyu a baki ɗaya, kai da kai, sun koma om 2. In huɗu ne, om 1. Raguwar lambar tana nufin ampili zai ja wuta fiye da da, kuma da yawa ba a gina su su sauka ƙasa da 2 ba. Shi ya sa motar biki ke yin shiru a tsakiyar rawa, ampili ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ribar ma kaɗan ce: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an kasa kunne kafin a lura. Maɓallin nan da ke jikin ampili wanda yaran gareji ke murɗawa har ƙarshe, aikinsa daidaita ampili da ƙarfin rediyo ne. In ya wuce kima sauti zai fara tsagewa, kuma tsagaggen sauti shi ke dafa zaren tagulla. Da ka ji wari kamar na ƙonannen fenti, aikin gama ya gama.

Wufa ba ta aiki tsirara. Lokacin da faifai ya tura iska gaba, yana jan ta baya, kuma gurnani mai kaɗawa 50 tsawon zangonsa kusan mita 7 ne, don haka na gaba da na baya suna zagayowa su kashe juna. Akwati ne ke raba su. Wufa mai inci 12 takan so rufaffen akwati na lita 30 zuwa 40, da katako mai kaurin milimita 18, ba ƙofar da iska za ta tsere. A motar da ke da kujera layi ɗaya wannan ba zai shiga ba, kuma ba laifi: mai inci 8 ko 10 a siririn akwati bayan kujera ta ishi ɗan ɗakin nan. A ɗaure shi da kusoshi, domin ranar birki na gaggawa akwatin da ba a ɗaure ba kan mutum zai nufa. Katakon garin itace da aka matse yana da daɗin aiki, amma ruwan damina ɗaya ya ishe shi kumbura, don haka bai dace da buɗaɗɗen bayan mota ba. Shi kuma ampili iska yake so. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Dogon Dutsi ke haura digiri 40 a inuwa, wanda aka cusa ƙarƙashin kujera aka jibga masa tsumma da buta ba zai kai la'asar ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe masa ƙofofin shan iska. A riƙa hure shi.

Saura kunne, wanda ba a sayar da shi a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'auninta shi ne babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 awa 4 ne. A 100 kuwa minti 20 kacal, a mako ɗungurungum. Wufa a rufaffen ɗakin mota tana wuce 100 ba tare da wahala ba. Ƴan ƙananan gasun da ke cikin kunne masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma gargaɗin farko shi ne ƙugin da mutum ke ji bayan an kashe kiɗa. Direban da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni yana buƙatar kunnensa ya ji odar babbar mota, da ɗan kabu-kabu a gefensa, da ƙarar tayar da ta fara sacewa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne karen mota da yaran da ke ɗarewa baya ranar biki, suna zaune a kan akwatin, kunnensu taku ɗaya daga lasifika tun hantsi har magariba. Inda mai tsaye a nisan mita 16 ke jin desibel 86, wanda ke mita ɗaya yana shan 110. Mai mota zai iya ɗaga akwatunan sama a kan ƙarfe, ya juya bakinsu waje, ya hana yara zama a gabansu, ya kuma saya wa yaronsa abin toshe kunne na soso.