Yadda Dala 500 Ke Kai Noma Ajin Firamare a Amurka

Amurka na sahun gaba wajen fitar da masara da waken suya a duniya, amma iyalan da ke noma da kiwo ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'arta ba. Sauran a kanti suke haɗuwa da abinci, an wanke shi an naɗe a leda. A 2017 wani binciken jin ra'ayi da masu sana'ar madara suka ɗauki nauyinsa ya nuna kashi 7 cikin 100 na manya sun ɗauka madarar cakulan daga shanu masu ruwan ƙasa ake tatso ta.

Hukumomi sun daɗe da hango wannan giɓi. A 1981, zamanin da John Block ke riƙe da Ma'aikatar Noma, aka soma shirin kai noma cikin aji, wanda ya bazu zuwa jihohi. Ba a ƙara wa yara sabon darasi ba. Malama ce za ta koyar da lissafi da awon kunya, ta koyar da kimiyya da ƙwayar wake.

Wannan koyarwa kuwa sai da kaya. Malamar aji biyu za ta ajiye na'urar ƙyanƙyasa a lungun aji, zafinta wajen digiri 37 da rabi. Bayan mako guda a rage haske, a haska ƙwai da tocila, yara su ga jijiyoyin jini sun bazu a ciki. Kullum suna soke kwana ɗaya a kalanda, har rana ta 21 da ɗan tsako zai fasa ɓawo. Yaron da ya ƙirga kwanakin nan da hannunsa ya koyi ƙidaya da lura da haƙuri, ba tare da an ce masa ya haddace komai ba.

To wa zai sayi na'urar? Binciken gwamnatin tarayya ya gano cewa a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015, kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun sayi kayan aji daga aljihunsu, a matsakaici dala 479 kowane malami. Nan ne ƙananan tallafi suka shigo. Gidauniyar ƙungiyar manoma ta Farm Bureau tana da asusun White-Reinhardt, mai ɗauke da sunayen Berta White da Linda Reinhardt, shugabannin mata manoma da suka yi wa harkar hidima. Jihohi da dama ma suna ba malamai 'yan ɗaruruwan daloli, sau da yawa 500. Malama ta cike takarda, ta faɗi abin da za ta saya da yawan yaran da za su amfana.

Abin da ya fi burge ni shi ne gajartar hanyar: kuɗin ba ya daɗewa a ofisoshi kafin ya zama iri da taki da bokiti. Mu da muka san gonar makaranta a matsayin wurin horon wanda ya makara, ya kamata mu dubi wannan da kyau.

Sai dai akwai abin damuwa. Tallafin gasa ne, malamar da ta iya tsara takarda ita ke samu, kuma makarantar talakawa da malamanta suka fi gajiya takan rasa. Yawancinsa na shekara ɗaya ne. Sannan kaso mai tsoka na fitowa daga ƙungiyoyin manoma da kamfanonin noma, masu son a nuna sana'arsu da kyakkyawar fuska. Zai yi wuya littafin da suka buga ya tsaya kan takin zamani da ke gangarawa Kogin Misisipi, ko kan baƙin haure masu tsinkar 'ya'yan itace a Kalifoniya. Waɗannan ma noma ne, kuma ɗan aji biyar ya isa ya ji su. Kawo su gaban yara ya rage ga malamar da ta karɓi kuɗin.