Me Ya Sa Ƙarfe Ke Lanƙwasa Amma Gishiri Ke Farfashewa?

Yau maƙera zan kai ku, kuma daga Gaya za mu fara.

Tarihin baka na Abagayawa ya ce kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, daga Gaya ya taso zuwa Dutsen Dala neman tama. Binciken masana kuma ya nuna tun ƙarni na 7 ake narka tama a Dala. Kenan kimiyyar da zan yi bayani yau, a aikace kakanninmu sun daɗe da ita.

To ga tambayar: ka sa masaba ka daki ƙarfe, sai ya baje. Ka daki dunƙulen gishiri, sai ya tarwatse. Me ya kawo haka?

Amsar tana cikin yadda ƙwayoyin zarra, wato atom, ke riƙe juna. A gishiri, sodiyam ya ba kulorin elektron ɗaya, sai ɗaya ya zama mai caji fositif, ɗayan negatif, suka jeru bi-da-bi suna jan juna. Da ka doka, layi ya ɗan gusa, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna. Shi ke nan, ya fashe.

Ƙarfe ba haka yake ba. Atom ɗinsa sun saki wasu elektron ɗinsu suna yawo a tsakaninsu, na kowa da kowa ne. Don haka ko layi ya zame a kan layi, riƙon bai yanke ba. Shi ya sa maƙeri ke juya shi yadda ya ga dama, musamman in ya yi ja a wuta.

Sai dai fa tsantsar ƙarfe ya yi laushi, ba ya riƙe kaifi. Nan kabon ke shigowa, sinadarin nan na gawayi. Atom ɗinsa ƙanana ne, sai su maƙale a 'yan gurabe tsakanin na ƙarfe su hana layukan zamewa. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 ya wadatar. In ya haura kashi 2, ka samu ƙarfen zubi, mai tauri amma mai saurin fashewa. Yanzu kun gane dalilin da maƙera ke son sifirin ɗin mota fiye da rodi wajen yin adda ko gatari: ya fi kabon.

Saura tsomawa a ruwa. Sanyin farat ɗaya yana kulle kabon a inda yake, bakin ya yi tauri ƙwarai, amma ya zama mai karyewa. Gwanin maƙeri sai ya sake ɗumama shi kaɗan, taurin ya ɗan sassauta.

Saboda haka manomin Gaya ko Ajingi, in fartanyarka ta lanƙwashe a tsakiyar noma, kabon ya yi kaɗan ko ba a tsoma ta daidai ba. In kuwa bakin ya ɓalle, tauri ya yi yawa. Kafin ka biya, tambayi maƙerin da wane ƙarfe ya yi ta, don damina ba ta jiran gyara.

A shiri na gaba zan kawo muku dalilin da ruwa da man gyaɗa ba sa haɗuwa. Ku huta lafiya.