Motar Kara Ba Wasan Banza Ba Ce

'Yan'uwa manoma, da kaka mukan ga yara a Ƙofar Doka ta Birnin Zazzau sun duƙufa kan karan dawa. Wani na fere ɓawo, wani na yanka tsohon silifa ya yi taya, su ƙera mota su yi tsere. Mu kuwa sai tsawa.

A Ingila, tun 1999 ƙungiyar Greenpower ke shirya wa 'yan makaranta tseren motoci masu batir da suka haɗa da hannunsu.

Ran da injin ban-ruwanmu ya tsaya, tumatir na bushewa muna jiran makaniki. Yaran nan su ne masu gyaran gobe. Mu roƙi malaman firamare su kasa su rukuni-rukuni, a yi gasa. Baiwar Allah ce, kada mu binne ta.