Gogar mota da inji: a rufe roba kafin a taɓa fenti

Duk wanda ya saba zuwa wuraren sayar da motocin hannu a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san yadda ake yi wa mota kwalliya kafin a kai ta gaban mai saye. A wanke ta, a shafa mata man gogewa, a bi ta da inji har ta yi ƙyalli kamar yau ta fito daga masana'anta. Amma sau da yawa, bayan kwana biyu ko uku, sai a ga wani farin tabo ya bayyana a kan baƙar robar da ke jikin ƙofa, da ta gaba da baya, da ta kewayen madubi. Wannan tabo shaida ne cewa mai aikin ya tsallake mataki guda, wato rufe robar da tef kafin ya kunna inji.

Dalilin ba boyayye ba ne. Man gogewa yana ɗauke da gari mai laushi ƙwarai wanda aikinsa shi ne kankare saman fenti kaɗan-kaɗan. A kan fenti mai santsi, tsumma na share shi nan take. Ita kuwa baƙar roba mai tauri fuskarta gurzu-gurzu ce, cike da ƙananan ramuka, sai garin ya shige ciki ya bushe, ruwa da sabulu ba su fitar da shi.

Ɓarnar da ta fi wannan tsada ita ce ta zafi. Injin da ke juyi kai tsaye yakan yi zagaye 1000 zuwa 2000 cikin minti ɗaya a wajen wannan aiki. In sosonsa ya hau roba mai laushi ta bakin gilashi, yana iya ƙona ta ko ya yage ta cikin ƙiftawar ido, kuma ya kwaso baƙinta ya shafa wa fenti. Robar da ta ƙone ba ta komawa yadda take. Mai motar ba zai ankara ba sai ƙurar hunturu ta fara shiga ciki, ko ruwan Agusta ya jiƙa masa kujera.

Akwai kuma gefen ƙarfe. Kaurin fentin masana'anta gaba ɗaya bai cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba, alhali mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Shafi mai haske na sama, wanda shi ake gogewa, kusan mikron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. A bakin ƙofa da ƙaryar ƙarfe ya fi haka siranta, kuma nan ne nauyin inji ke taruwa. Saboda haka ƙwararru ke rufe waɗannan wurare su ma, tare da tambarin mota da haruffan sunanta, inda soso ke maƙalewa.

Ba kowane tef ne ya dace ba. Wanda ake so shi ne na takarda, irin na masu fentin mota, wanda a garejojinmu ake ce wa sikoci. Asalinsa ma daga wannan sana'a ya fito: wani ma'aikacin kamfanin 3M na Amurka, Richard Drew, shi ya ƙirƙiro shi a 1925 bayan ya ga wahalar da masu fenti ke sha wajen raba launi biyu a jikin mota ɗaya. Tef ɗin ɗaure kwali da na masu gyaran lantarki suna barin danƙo, wani lokaci ma su ɗago fentin da aka taɓa sabuntawa.

Yadda ake yi kuwa shi ne, a fara wanke motar sarai a bar ta ta bushe, domin ƙurarmu yashi ce, in ta shiga ƙarƙashin soso sai ta zama abin karce. A shigar da motar inuwa, a jira ƙarfen ya huce. Sannan a bi gefen robar da tef, a danna shi da yatsa, ya rufe robar ba tare da ya hau fenti da yawa ba, in ba haka ba za a bar layi marar ƙyalli. Abin da ya rage a bakin tef, da hannu ake ƙarasa shi. Da an gama sai a cire tef ɗin a hankali, ana ja yana kwantawa baya. Kada a bar shi ya wuni a rana: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, danƙonsa na narkewa ya manne wa jikin mota.

In an riga an yi tabo, buroshi mai laushi da ɗan alkol kan rage shi, har magogin fensir na ƴan makaranta yana taimakawa. Abin da bai kamata ba shi ne dabarar da wasu ke yi ta shafa baƙin mai don ɓoye farin. Kwana kaɗan man zai janyo ƙura, tabon ya dawo, ga kuma lahanin da mai ke yi wa roba mai laushi.

Ga ɗan kasuwa, wannan magana ce ta riba. Mai saye da ya ga farin tabo a gefen ƙofa yakan zaci an sake fentin ne don ɓoye haɗari, daga nan sai ya karya farashi ko ya juya baya. Ga ma'aikacin da ya tara albashin shekaru don sayen mota, shawara ita ce ya duba robar kafin ya dubi ƙyallin. In kuma motarsa zai kai a goga, ya tambayi mai garejin da wane tef zai rufe ta. Wanda ya ce ba ya bukatar tef saboda hannunsa ya ƙware, a gaya masa kuɗin naɗi biyu na tef bai kai na robar gilashi ɗaya ba, balle na sake fentin ƙofa.